Yadda Kano Ta Fita Bayan Ganuwa

A ƙasar Hausa duka babu garin da ya yi girma da sauri kamar Kano. Cikin 1851, sa'ad da Barth, Bature matafiyi, ya sauka a birnin, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000 ne, in kuwa rani ya yi fatake suka hallara su kan ninka haka. Ƙidayar 1952 ta sami mutum kimanin 130,000, ta 1963 ta sami kusan 300,000, ta 2006 kuwa ta sami fiye da 2,800,000 a birni da kewayensa. Gari ba ya yin irin wannan girma sai da hanya, gama hanya ke kawo mutum, ita ke kawo kayansa. Abin da za a duba a nan shi ne, a ko wane zamani wa ke shata hanyoyin Kano da filayenta, in kuma shatar ta cuci talaka, ƙofar wa zai je ya kai kuka. Mai karatu zai ga Kano ba ta taɓa rasa masu tsari ba. Abin da ta daɗe tana nema shi ne mai tsarin da mutanen gari za su iya tsayar da shi su tambaye shi.

Zamanin Ganuwa

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, wajen farkon ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarauta wanda har yanzu a ke kira da sunansa. Muhammadu Nazaki ya ƙara mata faɗi cikin ƙarni na 17. Sa'ad da Turawa suka zo, sun iske kewayenta kimanin mil 11 ne, da ƙofofi 13. Fili mai yawa a cikinta gonaki ne da kududdufai, domin in maƙiya suka kewaye gari a sami abinci, mutanen karkara kuma su sami wurin fakewa.

Hanyoyin cikin birni lunguna ne waɗanda ƙafa ta fitar, in jaki ya wuce da mangalarsa to faɗin ya isa. Ko wace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, shi ke rufe ta da dare. Ayarin raƙuman Buzaye su kan sauka a Fagge, bayan ganuwa. Fili kuwa a hannun Sarki ya ke, mai neman wurin gini ya kan bi ta wurin mai unguwa. In maƙwabci ya ci hanya da katanga, ko ya juya indararonsa yana zuba a gidan wani, sai a kai ƙara gun mai unguwa, in ta gagara a je gaban Alƙali, in ta gagara nan ma a je fada. Babu zaɓe a cikin wannan tsari, talaka ba shi da ikon tuɓe kowa, sau da yawa kuma mai ƙarfi ya kan danne marar ƙarfi. Amma duk da haka kowa ya san ƙofar da zai nufa, ya kuma san fuskar mai ita.

Zuwan Jirgin Ƙasa

Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta ci Kano, aka naɗa Abbas sarki. Cikin 1907 Gwamna Girouard, wanda gwani ne ga aikin dogo, ya sa aka fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin Kwara. Dogo ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga jama'a cikin Afrilu 1912.

Turawa auduga suka yi tsammanin jirgin zai riƙa ɗauka zuwa masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, in ma ba a saya ba a ci ta a gida. Attajiran Kano, waɗanda suka saba da fataucin goro zuwa Gwanja, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da tufafi da gishiri suna kama gyaɗa tun tana gona. Cikin 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta wuce tan 19,000, galibinta daga Kano. A cikin wannan ciniki ne Alhassan Ɗantata ya shahara, a nan kuma aka sami dalar gyaɗa wadda ta zama alamar garin.

Jirgi bai je birnin Katsina ba. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, na gabas kuma ya kai Nguru cikin 1930. Sabo da haka gyaɗar manomin Rimaye da na Kankiya da Kusada Kano ta ke nufa, da fari a bayan jaki da raƙumi, daga baya a lori, ta Tsanyawa da Bichi. In kaka ta wuce, shi ma manomin ya kan bi sawunta zuwa cin rani. Waɗansu su koma gida da faɗuwar ruwa, waɗansu su zauna, su aika a kawo musu iyali.

Ba a cikin birni aka gina tashar jirgi ba, gabas da ganuwa aka yi ta, sai nauyin gari ya karkata can. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da dogo, Kwarori suka sami nasu wuri, cikin 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Turawan mulki suka zauna Nassarawa da Bompai. Cikin 1917 Gwamna Lugga ya yi dokar garuruwa, ta raba su aji uku, Ikko kaɗai ke aji na ɗaya, Kano tana na biyu. Aka ƙa'ide a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don tsoron sauro da zazzaɓi. Wannan yanki na waje aka ba wani Bature riƙonsa, wanda Hausawa suka sa wa suna Kantoma. Razdan ya ke yi wa bayanin aikinsa, Sarki ba shi da hannu a ciki, mazauna wurin kuma ba su suka zaɓe shi ba.

Ta haka Kano ta zama gari ɗaya mai iyayengiji biyu. A waje aka ja tituna miƙaƙƙu da fulotai a jere, birni kuwa aka bar shi da lungunansa. Hanyar da ta haɗa su kowa na bi, amma ba wanda ke tsara su biyun tare.

Zamanin En'e

Baitulmali, watau ajiye kuɗin haraji a asusu ɗaya a riƙa biyan albashi da ayyuka daga ciki, a Katsina aka fara shi, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Palmer, sa'an nan ya bazu. Baitulmalin Kano shi ya fi na ko wace En'e ƙarfi. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, ta sa wutar lantarki, tun a farkon shekarun 1930. Aka faɗaɗa hanyoyi cikin birni domin mota ta shiga, aka gama sabon Babban Masallaci cikin 1951. Cikin 1940 kuma aka mai da Sabon Gari hannun En'e.

Waɗannan ayyuka ne na ƙwarai, da harajin talakawa da jangalin Fulani kuwa aka yi su. Amma kasafin kuɗin En'e, Razdan ke dubawa, Gwamna ya sa hannu, mai biyan harajin ba ya ganinsa. A doka Sarki shi kaɗai ne En'e, majalisarsa shawara kawai ta ke bayarwa. A karkara kuma talakawa a ke tarawa sharar hanya, ba a tambaye su inda hanyar za ta bi ba.

Cikin Agusta 1950 abu biyu suka faru waɗanda suka girgiza wannan tsari. Ran 8 ga wata aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya, babban kukanta kuwa a ba talaka murya cikin mulkin garinsa. Ran 19 ga wata Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya nemi a kafa kwamitin da zai binciki tsarin En'e duka, domin an bar talakawa a baya. Gwamnati ta sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga lardunan Arewa suka rubuta rahoto. Cikin 1952 aka soke ikon Sarki shi kaɗai, aka ce sai da majalisarsa. Cikin 1954 aka yi babbar dokar En'e wadda ta ba da ikon kafa majalisun garuruwa da na gundumomi. A Kano aka sami majalisar Birni da majalisar Waje, da zaɓaɓɓun wakilai a cikinsu. Wannan ci gaba ne, sai dai ikonsu ƙarami ne, suna ƙarƙashin En'e, babban kuɗi da rabon fili ba a hannunsu su ke ba. Mata kuwa ba su jefa ƙuri'a a Arewa ba sai 1976.

Taswirar Shekara Ashirin

Da aka sami mulkin kai cikin 1960, gari ya riga ya cika ya batse. Masana'antu sun tashi a Bompai, Tudun Wada da Gwagwarwa sun cika da baƙi masu neman aiki. Cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, karo na farko ke nan da aka ɗauki birni da waje abu ɗaya. Wani Bature masanin tsarin gari, Trevallion, ya shugabanci rubuta tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, aka buga shi littafi cikin 1966. Ya auna yawan mutane, ya nuna inda ya kamata gidaje su zauna, da masana'antu, da manyan hanyoyi.

Ana cikin wannan aiki sai wata magana ta taso. Cikin 1962 Gwamnatin Sardauna ta naɗa Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Bayan binciken, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus cikin Maris 1963, ya koma Azare. Muhammadu Inuwa ya gaje shi, ya rasu a shekarar, aka naɗa Ado Bayero. Ba a buga rahoton Muffett domin jama'a su karanta ba, sanarwar Gwamnati kaɗai suka ji. A lura da wannan da kyau. An tambayi En'e yadda ta yi da kuɗi, amma Kaduna ce ta tambaya, Kaduna kuma aka ba amsa. Masu kuɗin, watau masu biyan haraji, suna gefe suna jin labari.

Taswirar ma ba ta sami mai riƙon ta ba. Cikin Janairu 1966 soja suka karɓi mulki, ran 27 ga Mayu 1967 aka yi Jihar Kano, Audu Bako ya zama Gwamna. Aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Audu Bako ya yi ayyuka masu yawa, har da madatsar ruwa ta Tiga, amma naɗa shi aka yi, babu majalisar da za ta tambaye shi. Hukumar tsara gari ta yi ta canja suna, ta zama KASEPPA, daga baya KNUPDA, ko da yaushe kuwa Gwamna ke naɗa shugabanninta.

Awon Igiya

Cikin 1976 aka soke En'e, aka kafa ƙananan hukumomi a Nijeriya duka, da nufin mulki ya matso kusa da talaka. Bayan shekara biyu, cikin Maris 1978, aka yi dokar mallakar ƙasa, ta sa filin cikin birane duka a hannun Gwamna. Watau kansila yana kusa da mutane amma ba shi da iko da fili, mai iko da fili kuwa yana nesa. Daga baya aka yi ta tsaga ƙananan hukumomi har birnin Kano da kewaye ya rabu takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso. Titi ɗaya ya kan ratsa uku ko huɗu daga cikinsu, lambatu ma haka, ruwan sama kuwa bai san iyaka ba.

A wannan lokaci mutane suna ta kwararowa. Farin 1973 ya koro waɗansu, cutar da ta kashe gyaɗa cikin 1975 ta koro waɗansu, kuɗin man fetur ya jawo sauran. Fulotan da Gwamnati ke yankawa ba su isa ba, samun takardarsu kuma sai mai hanya. Sai masu gonaki a bakin gari suka shiga yanka su da kansu suna sayarwa, da shaidar mai unguwa ko dagaci. Wannan shi Kanawa ke kira awon igiya. Mai gona ba ya son asarar ko taki ɗaya, don haka ya kan bar hanya ƙarama, ba ya barin wurin makaranta, ko asibiti, ko magudanar ruwa. Wanda ya taso daga Kankiya ya shigo Kano ta Dawanau, ya bi ta Rijiyar Lemo da Kurna, in ya saki babban titi ya shiga ciki zai ga aikin igiya da idonsa. Masu sayen ba su yi laifi ba, wurin kwana su ke nema. Amma gyaran da zai ci sule tun fili yana gona, sai ya ci fam in an riga an gina, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Daga Acaɓa Zuwa A Daidaita Sahu

Gari ya yi faɗi, jirgin ƙasa ya lalace, ba a kuwa kafa motocin haya na gari masu ɗorewa ba. Tasi da kiya-kiya da hayis suka riƙe mutane. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi mota ta yi tsada, sai babur ya cike gurbin, ga shi kuma shi kaɗai ke iya shiga lungunan awon igiya. Dubban samari, da yawansu 'yan cin rani, suka sami abinci da acaɓa.

Cikin 2005 Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, sunan shirin ya bi baburan har yau. Ran 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari. Bayan kwana uku Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur. Dalilin tsaro ne, mai ƙarfi kuwa, amma cikin kwana kaɗan sana'ar dubban mutane ta mutu, A Daidaita Sahu ta gaje gari. Cikin Fabrairu 2021, da kuma Janairu 2022, direbobinta suka yi yajin aiki a kan kuɗin da hukumar KAROTA ta sa musu, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka taka da ƙafa. A ƙarshen Nuwamba 2022 aka hana su bin waɗansu manyan tituna, mutane suka yi kuka, zaɓe kuma ya gabato, ba a yi kwana uku ba aka janye dokar. Inda akwai zauren da a ke zama da direba da fasinja kafin a yanke magana, da ba a kai ga yaji ba.

Gini Da Rusau

Gwamnonin baya-bayan nan sun gina gadojin sama da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, kamar na Ƙofar Nassarawa da na Dangi, sun kuwa rage cunkoso a mahaɗar hanyoyi. Amma gada mota ta ke yi wa aiki, yawancin mutanen Kano kuwa ba su da mota. Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ta yi kuka, aikin gama ya riga ya gama. Cikin 2016 aka sanar da yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Sin ta shimfiɗa jirgin ƙasa na cikin gari, wa'adin Gwamnatin ya ƙare cikin 2023 ba a shimfiɗa shi ba.

Zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje an ba 'yan kasuwa filaye a wurare kamar Filin Idi da tsohon otal na Daula, suka yi gine-gine. Cikin Yuni 2023 sabuwar Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce filayen jama'a ne aka bayar ba bisa ƙa'ida ba, ta rushe su. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, cikin Satumba Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane gefe yana da hujjarsa. Abin lura shi ne, da bayarwar da rushewar duka daga ofis ɗaya suka fito, diyyar kuma daga asusun jama'a za ta fita.

Ba a ce Kanawa ba su da ƙarfi ba. Cikin 2003 sun ka da Gwamna mai ci, cikin 2023 sun ka da jam'iyya mai mulki. Sai dai ƙuri'a ɗaya ce cikin shekara huɗu, ta ƙananan hukumomi 44, a kanta a ke ɗora maganar makaranta da taki da albashi da tsaro. Lambatun unguwa ɗaya ba ya samun wuri a cikinta. Ƙananan hukumomin da ya kamata su ji wannan kuka, sau da yawa gwamnoni su kan rushe zaɓaɓɓunsu su naɗa masu riƙo, Hausawa kuma ba su nemi sabon suna ba, suka ce da su kantomomi. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa naɗa su ya saɓa wa tsarin mulki, ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Abin Koyi

Wannan matsala ba ta Kano kaɗai ba ce. Landan ta zauna ba ta da majalisar gari ɗaya daga 1986 zuwa 2000. Da abin ya dame su sai suka kafa Magajin Gari wanda mutane ke zaɓa, aka danƙa masa motocin haya da jiragen ƙarƙashin ƙasa da babban tsarin gari, aka kuma sa masa majalisa mai wakilai 25 wadda ke kiransa ya amsa tambayoyi a bainar jama'a. A Nijeriya ma dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje taswira mutane su gani, a karɓi ƙorafinsu kafin a tabbatar da ita.

Tarihin Kano ya nuna abu uku da gari mai girma ke bukata. Na ɗaya, a shata hanya da magudanar ruwa da filin makaranta tun wurin yana gona. Na biyu, a kafa taswirar a ƙofar mai unguwa, a karanta ta da Hausa, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Na uku, ya zama akwai hukuma ɗaya mai riƙe da hanyoyin gari duka, wadda a ka san shugabanta, ta ke buga lissafin kuɗinta, mutanen gari kuma su ke da ikon sauke ta.

Katsina ta zama babban birnin jiha cikin 1987, ita ma ta daɗe da fita bayan ganuwarta. Cikin 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, an kuwa ga abin da tasha ta yi wa Kano bayan 1912. Ƙananan garuruwa irin su Kankiya da Kusada da Rimaye har yanzu suna da gonaki a bakin gari, igiya ba ta gama cinye su ba. Su ke da damar da Kano ta yi wa kanta asara, watau su zauna da masu gonaki da masu unguwanni su fitar da hanya tun ba a sa tubali ba, su kuma san tun yau wanda za su tambaya in ba a yi ba.